Sauya manhajar cikin injin keken lantarki: amsa ga masu tambaya daga Garwa da Njamena

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar gyaran waya a Garwa, ƙasar Kamaru. Na ɗaura wa kekena injin Tongsheng TSDZ2 mai aiki da batir na volt 48, kuma na ji ana iya cire manhajar da ke cikinsa a zuba wata ta kyauta wadda take ƙara masa ƙarfi. Shin yadda muke filashin waya ake yi, kuma babu haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin yana kama da filashin waya, sai dai kuskure a nan yana iya cin inji ko batir gaba ɗaya.

Manhajar da ka ji labari mai buɗaɗɗen tushe ce, wato kowa yana da damar ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba. Wani ɗan Fotugal da aka sani da Casainho ne ya fara ta, daga baya wani ɗan Italiya mai laƙabin emmebrusa ya ci gaba da inganta nau'in da yake aiki da allunan da injin yake zuwa da su, wato VLCD5 da VLCD6 da XH18, kuma ana samun ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu. Injin TSDZ2 yana da na'urar da take auna ƙarfin da ƙafarka take sa wa feda, kuma sabuwar manhajar ta fi ta kamfani iya amfani da wannan awo, shi ya sa keke yake tashi sumul, yake amsa ƙafa nan take.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar da irin cip ɗin da ke cikin kantarolarka, wato na'urar da take sarrafa injin. Tsofaffin injuna suna ɗauke da STM8S105 na kamfanin STMicroelectronics, kuma dominsa aka rubuta manhajar, amma sababbi da yawa suna zuwa da XMC1302 na Infineon, wanda yake buƙatar wata manhaja dabam da wata na'urar filashi dabam. Jikin injin daga waje ba zai nuna maka wannan bambanci ba.

Idan naka STM8 ne, za ka nemi ST-Link V2, wata 'yar na'ura mai girman filas da ake soka wa kwamfuta, sannan ka haɗa wayoyinta uku masu alamar SWIM da GND da 5V zuwa soket ɗin da wayar auna gudu take shiga. Ka like su da dalma da kyau, kuma kada wayar ta yi tsawo, domin doguwar waya takan sa kwamfuta ta kasa ganin cip ɗin. Ka cire batirin keken, ka yi aiki da laftof mai cikakken caji, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar filashi ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Abu na farko da za ka yi da ST Visual Programmer, wato manhajar kwamfuta da ake filashin da ita, shi ne karanta ainihin manhajar kamfani ka adana ta, sassanta uku duka da za ka gani a can, ka ajiye kwafi a waje biyu. Wanda ya tsallake wannan mataki ba shi da hanyar komawa cikin sauƙi idan sabuwar ba ta yi masa ba. Ka kuma sani cewa garantin mai sayarwa ya tashi daga ranar da ka taɓa ta.

Wajen saiti ne aka fi yin ɓarna. Batirinka na volt 48 yana da jerin ƙwayoyi 13, yana cika a volt 54.6, kuma bai kamata ka bar shi ya sauka ƙasa da volt 39 ba. Ni nakan sa iyakar a wajen 42 domin ƙwayoyin su daɗe. Ka zaɓi nau'in inji na 48, kada ka zaɓi na 36, sannan ka auna kewayen tayarka da tef ka shigar da shi a milimita, in ba haka ba allon zai riƙa yi maka ƙaryar gudu.

Batun ƙarin ƙarfi kuwa, a nan nake so ka saurare ni. Wannan inji ƙarami ne, rufaffe, ba ya fitar da zafi da kyau, kuma mutanen da suka rubuta manhajar a yanayin Turai suke tuƙi. Kai kuma a Garwa kake, inda zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kwalta tana tiriri tun hantsi. Idan zafi ya yi yawa, maganaɗisun cikin injin yakan rasa ƙarfinsa har abada, ita kuma shuɗiyar giyar roba da ke ciki haƙoranta sukan zube idan ana fizgar keke da kaya. Saboda haka shawarata ita ce kada ka wuce wat 400 a lokacin bazara, kuma ka sa ma'aunin zafi LM35 a jikin injin, ka saita manhajar ta fara rage ƙarfi a digiri 65, ta yanke a 80. Ma'aunin yana amfani da layin totur ne, don haka dole ka zaɓi ɗaya, kuma a wannan yanayi namu ma'aunin zafi ya fi totur amfani nesa ba kusa ba. Bayan filashi, kada ka ɗora ƙafa a kan feda lokacin da kake kunna allo, domin a wannan daƙiƙar ce injin yake ɗaukar awonsa na farko.

Tambaya: Malam, daga Njamena nake. Nawa injin Bafang BBS02 ne. Ni ma in bi wannan hanya?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, taka hanyar dabam ce. Akwai manhajar bbs-fw ta Daniel Nilsson domin BBS02 da BBSHD, amma cip ɗin da ke cikin waɗannan injuna ba ya bari a kwafi manhajar kamfani kafin a goge ta. Idan rage fizga ko daidaita matakan taimako kawai kake so, ka sayi kebul ɗin saiti na Bafang mai bakin USB, ka sauya alƙaluman a manhajar da take ciki, bayan ka adana saitin asali a kwamfutarka.