Amsa ga ɗan ƙanena kan ƙonen daji

Ɗana, saƙonka ya iso, kana tambaya ko wutar da kakanninka ke sa wa daji ce ta cinye itatuwan ƙasar Sinnar ta Sudan, kuma me ya raba su da masu gawayin yau. Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba, domin kun girma ba wanda ya nuna muku yadda ake wannan aiki.

Ina saurayi, mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, kan kwashe mu daga Mai Wurno zuwa baƙar lakar da ke wajen Dindir, inda ake noman harik. Akan bar fili shekaru ba a taɓa shi ba har ciyawa ta yi tuli, a jira ruwan farko ya sauka, sabon haki ya tsiro a ƙarƙashin tsohon. Sannan ne ake cinna wa busasshen, ya ƙone ɗanyen, a shuka dawa cikin toka, ciyawa ba ta dame ta ba.

Wata shekara sai da muka kankare gefen filin duka da fartanya, muka kuma share gindin kowace ɗakwara, saboda ƙaronta kuɗi ne. Bayan la'asar Baffa ya ɗebi ƙura ya watsa sama, ya ga iska ta kwanta, ya yi bisimilla, ya cinna daga inda iskar ta nufa domin wutar ta tafi a hankali. Muka jeru da rassa ɗanyu a hannu, shirwa na shawagi bisa hayaƙi suna cafke fara, zomaye na ratsa ƙafafunmu. Da tartsatsi ya tsallake iyaka, Baffa ya riga mu isa, ya buge shi, yana cewa wutar da ba ka share wa hanya ba za ta nemi tata har ƙofar rumbunka. Ba wanda ya kwanta sai da kututture na ƙarshe ya mutu. Ko a gonakin Jazira, a da hukuma kan tilasta tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka saboda cuta, amma a lokacinsa.

Yanzu yaro zai cinna wa daji wuta tsakiyar rani don kama zomo, kiwon makiyaya ya tafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 iskar gas ta yi wuya, gatari ya koma kan dushe da bagaruwar bakin Nilu. A ramin gawayi da ƙyar ake samun kashi 1 cikin 5 na nauyin icen, yawancin sauran hayaƙi ne, ga wanda ke zama a ƙirjin uwayenku a madafa. Ba na zargin mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa, amma Baffa bai taɓa sare ɗanyen icen da ke bakin kogi ba.

In Allah ya kawo lafiya, ka zo farkon damina, akwai sauran tsofaffi biyu da suka san duba iska kafin a sa wuta.