Furen okid da zazzaɓi: Likita ya amsa tambayoyinku

Wani mai karatu daga Samaru: Likita, na ji an ce akwai furen okid mai sauke zazzaɓi. Gaskiya ne?

Malam, okid babban dangi ne na tsirrai, har tsiron da ake samun vanila daga cikinsu yake. Wanda ya fi suna wajen magani shi ne Dendrobium, wanda mutanen Sin suka daɗe suna dafa karansa don zafin jiki da bushewar maƙogwaro. A Afirka akwai Ansellia africana mai ɗarewa kan bishiya. Kada a ɗauke shi kauci, domin shi ba ya tsotsar ruwan itacen.

Ga yadda ake gwajin ko tsiro na sauke zazzaɓi: a busar da tsiron, a niƙa, a tatso sinadaransa da ruwa ko etanol, wato sinadarin barasa. Sai a yi wa ɓeraye allurar yis, wato abin da ke kumbura burodi, a ƙarƙashin fata, bayan kamar awa 18 jikinsu ya yi zafi. A ba wasu tatson, wasu farasitamol, a riƙa auna su kowace awa. Idan zafin ya sauka, alama ce tatson na rage sinadarin furostagilandin, mai sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Iyakar abin da gwajin ya nuna ke nan. Bai faɗi awon da ya dace da mutum ba, balle abin da zai yi wa hanta ko ƙoda in an daɗe ana sha.

Wata daga Tudun Wada: Mene ne antiokzidan da ake nema a tatson okid?

Hajiya, sinadarai ne masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda ruwan lemon tsami ke hana yankakken dankali yin baƙi. A ɗakin gwaji ana ɗiga tatson cikin wani ruwa mai launin shunayya, in ya koma rawaya an ce yana da su. Ganyaye da yawa kan ci wannan jarrabawa. Zogale, zoɓo, gwaiba da garin ɗan kuka duk suna da su, ga su kuma a kasuwar Sabon Gari da araha.

Wata uwa daga Ƙofar Doka: Zan iya jiƙa wa yarona ɗan shekara uku okid don zazzaɓi?

A'a, Hajiya. Tsiron daji yakan yi kama da wani mai guba, ƙarfin jiƙo kuma ba ya aunuwa. Sauke zafi ma ba ya kashe ƙwayar maleriya, sai dai ya ɓoye ta.

Ki auna zafin jikin yaron. Idan ya kai digiri 38, ki ba shi farasitamol miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo na nauyinsa, bayan awa shida-shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 14 zai sha wajen miligiram 200. A yi masa gwajin jini na maleriya a ranar, minti 20 ya isa. Idan akwai jijjiga, sanƙarewar wuya, amai ba tsayawa ko ya kasa shan ruwa, a wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.