In Kama Sana'a Yanzu, Ko In Jira Sai Na Gama Karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce da na yi ritaya bara bayan shekara 35 ina aiki, yanzu kuma ina karatun dabarun kasuwanci a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, cibiyar Kaduna. Ina so in fara haɗa garin kunu da yaji ina sayarwa ni kaɗai, amma 'ya'yana sun ce in bari sai na kammala karatu, sannan in zuba kuɗin sallamata gaba ɗaya in buɗe shago. Mece ce shawararku? Daga mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya sanya albarka a wannan niyya. A ganina 'ya'yanki sun yi kuskure a wuri biyu, kuma na biyun ya fi haɗari.

Batun jira ba shi da amfani, domin abin da ake koya muku na lissafin riba da tsara farashi ba zai zauna miki ba sai ranar da kika auno gero da gyaɗa a kasuwar Kawo, kika biya mai niƙa da mai Keke Napep, kika sayi leda, sannan kika zauna da biro kika ga abin da ya rage a kan kowane ƙulli. Ki fara da 'yan tiyoyi, ki kai wa malaman da kuka yi aiki tare da masu shagunan unguwa, duk abin da ya ɗaure miki kai kuma ki tafi da shi aji ki tambaya.

Kuɗin sallama kuwa, ki bar su inda suke. Matashin da jarinsa ya karye yana da shekarun sake tarawa, wanda ya ajiye aiki kuma ba shi da wani albashi da yake jira. Ki ware abin da ko ya salwanta ba zai taɓa cefane da kuɗin magani ba, shi ne jarinki. Hayar shago a Kaduna galibi ta shekara ake biya tun kafin a sayar da komai, alhali wannan sana'a a tsakar gida ma ana yin ta. Idan akwai inda ya dace ki ƙara kuɗi, to sayen hatsi ne da kaka, lokacin da yake araha.

Abin da ya fi karya mai sana'a shi kaɗai, musamman dattijuwa mai jama'a irinki, shi ne bashin 'yan uwa da kunyar tambayarsa, sai kuma ranakun biki da suna da ta'aziyya da aiki yake tsayawa cak. Saboda haka ki buɗe asusun banki na sana'ar daban, ki rubuta ko ƙulli ɗaya aka ɗauka, har wanda kika dama wa jikoki.

Idan ciniki ya kankama, sai ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, amma ke rajistar suna ta ishe ki a yanzu. Manyan kantuna kuma za su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kafin su jera kayan abinci a kantunansu, don haka ki leƙa ofishin hukumar, da na SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu, ki ji sharuɗɗansu kafin ki kashe kuɗi wajen buga tambari.