Sauya fayil ɗin termsrv.dll domin ƙara yawan masu shiga sabar daga nesa

Tambaya: Muna da sabar mai Windows Server, kuma ma'aikata shida ne ke buƙatar shiga cikinta daga nesa a lokaci guda, amma da zarar na uku ya gwada, sai ta nemi a fitar da ɗaya daga cikin biyun farko. An ba ni shawarar in sauya fayil ɗin termsrv.dll. Shin hakan ya dace?

Amsa: Abin da kake gani ba lalacewa ba ce, ƙa'idar lasisi ce. Kamfanin Microsoft ya ƙayyade wa Windows Server mutum biyu a lokaci guda, su ma domin aikin kula da sabar ne kawai, yayin da Windows 10 da Windows 11 na kwamfutar mutum ɗaya ba sa yarda da fiye da mutum guda. Fayil ɗin da aka ambata maka yana cikin folda ta Windows mai suna System32, kuma a cikinsa ne ake duba wannan iyaka, shi ya sa wasu ke canza 'yan lambobi a cikinsa domin binciken ya daina aiki.

Ba na ba ka shawarar bin wannan hanya. Da farko dai ta saɓa wa yarjejeniyar lasisi, abin da kan iya jawo wa ma'aikata asara ranar da aka zo bincikar lasisinta. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne rashin ɗorewarta: fayil ɗin mallakar TrustedInstaller ne, wato wani asusu na musamman na Windows kanta, sai ka ƙwace ikonsa kafin ka taɓa shi, kuma duk sabuntawar da ta zo da sabon termsrv.dll za ta shafe gyaranka, haka ma umarnin sfc /scannow, wanda ke duba fayilolin Windows ya mayar da su yadda suke tun asali. Idan kuma aka mayar da tsohon fayil a kan sabon tsari, hidimar shiga daga nesa na iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai ka tarar an rufe ka a waje, kai da ke nesa da injin. Wannan ne ke sa masu irin wannan gyara su daina sabuntawa, alhali ƙofar 3389 da RDP, wato tsarin shiga kwamfuta daga nesa, ke amfani da ita tana cikin waɗanda masu kutse suka fi nema, kamar yadda raunin tsaro na RDP mai suna BlueKeep na 2019 ya nuna.

Hanyar da ta dace ita ce ka kunna Remote Desktop Services (RDS), hidimar Windows Server da ke ba mutane da yawa damar shiga daga nesa, daga manhajar Server Manager, ka girka Session Host, wato ɓangaren da ke karɓar masu shiga, tare da sabar lasisi. Za ka samu wa'adin kwana 120 kafin a nemi lasisi, wanda ya isa ka gwada ko ƙarfin injin zai ɗauki mutum shida. Daga nan sai ka sayi RDS CAL, wato lasisin shiga wannan hidima, ko na kowane ma'aikaci ko na kowace na'ura. Na na'ura ya fi sauƙi idan ma'aikata suna karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya, amma idan kowane ɗayansu yana shiga daga na'urori daban-daban, na ma'aikaci za ka zaɓa.