Tambayi Likita: Tsohuwar Motar Daji da Lafiyar Direba

Likita, ina fama da ciwon baya, ga shi zan sayi tsohuwar motar shiga daji. Hilux ko Land Cruiser?

Ni ba bakanike ba ne, amma bayanka zai fi samun sauƙi a Land Cruiser 80 da aka fara ƙerawa a 1990, don ba ta jijjiga mutum kamar tsohuwar Hilux idan babu kaya. Duba shokozoba da kujera da bel kafin ka biya. Idan ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana sagewa, asibiti tukuna, mota daga baya.

Duk lokacin da na rufe gilashin mota saboda ƙura sai ciwon kai da jiri, in na sauka ya tafi.

A duba salansa da ƙasan motar yau ɗin nan. Hayaƙi ne ke shigowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, tana kisa. Kada ka kwanta a ciki inji na aiki. Wanda ya suma a fito da shi waje, a kai shi asibiti.

Ƙarfe ya yanki yaron motata a hanyar Dirku ta ƙasar Nijar, muka zuba man birki jini ya tsaya. Yau kwana 4 hannun ya kumbura yana wari. Mu ƙara?

Haba malam! Mota aka yi wa man birki, kuma ko fentinta ya taɓa sai ya ɗaye shi, balle naman ɗan Adam. Na gaji da ganin hannayen da aka lalata da shi, da baƙin mai, da ruwan batir.

Direbobi na cewa zafin da yake yi shi ne alamar yana aiki. A'a, naman da ya kamata ya haɗe ne yake ƙonewa, kuma mataccen nama shi ƙwayoyin cuta ke so. Jinin ma da kun danne wurin da zai tsaya.

Kumburi da wari na nufin ciwon ya ruɓa. Ku kai shi asibiti yau, ko na Dirkun ko Agadas, a wanke, a ba shi magani, a yi masa allurar tetanus. Idan zazzaɓi ya zo, ko haƙoransa suka fara sarƙewa, ko kumburin ya haura damtse, kada ku jira gari ya waye.

Nan gaba, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, a wanke da ruwan sha da sabulu, a ɗaure. Bandeji da ayodin ba su kai kuɗin galan ɗin fetur ba, ku ajiye su a mota. Kuma ko an ɗaure, sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Tramol na hana ni barci a tuƙin dare. Akwai illa?

Akwai. Yana jawo farfaɗiya, kuma yana kama mutum ya kasa bari. Faka ka yi barci. In ka riga ka saba da shi, ka je wurin likita ya rage maka a hankali, kada ka yanke lokaci guda.