Abin da ke kai 'yan Zango Ada bayan Sallah

Yaya, na ga saƙonka, na kuma ji dariyar da ke ƙarƙashinsa. Ka ce me ya haɗa Bahaushe da kwale-kwale, har a biya kuɗi a shiga ruwa ba don fito ba, ba don kamun kifi ba. Tambayarka tana kan hanya, bari in warware maka.

Wurin da ka gani a hotunan yaran unguwar Nima sunansa Ada Foah, ƙaramin gari ne gabas da Ankara babban birnin Gana, tafiyar kamar kilomita 100, daidai inda kogin Volta ke zubewa cikin teku. Mutanen garin Dangme ne, kuma su ne masu jiragen. Mu dai fasinja ne, kuma ba yau muka fara ba.

Tun kafin wani ya san shaƙatawa a kan ruwa, Ada tashar kasuwanci ce. Turawan Denmak sun gina ganuwa a wurin a 1783, Ingilishi suka saye ta da sauran kadarorinsu a 1850, yanzu kuwa teku ta cinye kusan dukkanta. Amma abin da ya riƙe garin gishiri ne, wanda ake kwasa a tafkin Songor. A loda shi a manyan kwale-kwale, a yi ta tuƙi ana haurawa arewa har Kete Krachi, daga nan ya kama hanyar Salaga. To su wa ke jiransa a can? Fataken Hausa masu neman goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka koma Kete, har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Ka ga ashe kakannin masu jirgin nan sun daɗe suna cin kuɗin kakanninmu.

Sai zamani ya juya wa Ada baya. Aka buɗe tashar jiragen ruwa a Takoradi a 1928, motoci suka karɓe dakon kaya, Tema ta zo a 1962 ta ƙarasa abin da ya saura. Mafi tsanani shi ne madatsar Akosombo da aka kammala a kan kogin Volta a 1965. Ta toshe hanyar arewa, tsohuwar Kete ma ruwa ya shanye ta. Ambaliyar da ke zuwa duk shekara ta wanke kogin ta daina, ciyawar ruwa ta yi yawa, kifi da ƙumbar da mata ke nutso su ɗebo suka ja baya, ga tsargiya ta addabi ƙauyuka. Mai jirgi ya wayi gari da jirgi, ba kaya. Amma kogin da ya kwanta luf, da tsibirai da bishiyoyin kwakwa, ya yi wa masu kuɗin Ankara da Tema kyau. Suka soma gina gidajen hutu a bakin ruwa, otal-otal suka biyo baya. Masu jirgi suka ɗaura inji, suka kafa rumfa da benci, suka shafa fenti, aka koma ɗaukar mutane. A ganina wannan dabara ce ta wanda yunwa ta koya wa hankali, ba wai sha'awar nishaɗi ba.

Mu kuma ga yadda muke yi. Ranar Sallah ta iyaye ce da sarakunan Zango, ba mai motsawa. Kwana biyu ko uku bayanta, samarin kowace majalisar shayi, ko ƙungiyar mata masu adashi, sai su haɗa kuɗi su yi shatar mota. Tun asuba an dafa shinkafa da wake an naɗe a ganye, ga soyayyen naman layya idan babbar Sallah ce, ga butar shayi da gawayi, don ɗan Nima ba ya tafiya ba su. A Kasseh ake barin babban titi a gangara. Da an isa bakin ruwa sai a tura wanda ya fi iya baki ya yi ciniki, jirgi guda ake yi wa kuɗi, ba kai-kai ba. Za ka ga Hajiya ta ɗaura rigar ceto mai ruwan lemo a kan leshinta, ta gyara mayafi, ta damƙe gefen jirgi da hannu biyu tana salati, alhali ita ce ta fi kowa matsawa a zo.

Masu jirgin sun san mu sarai. Akwai tsibirin da ake dafa giyar rake, inda suke kai Turawa su ɗanɗana. Idan 'yan Zango ne a ciki, wucewa suke yi ba sai an faɗa ba. Azahar na yi su nemi tudun yashi su tsaya. Alwala ma akwai sani: can sama ruwan daɗi ne, kusa da bakin teku kuwa kana kurkure baki za ka ji gishiri. Kuma ba a rasa mai tayar da gardamar ko tafiyar ta kai a yi ƙasaru.

Ba zan ɓoye maka ba, malamanmu ba duka suka yarda ba. Wasu na wa'azi a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, kuma wani lokaci da gaskiyarsu, don akwai yaran da ke wuce gona da iri. Shi ya sa iyaye ke fi sakin 'ya'yansu idan tafiyar ta makarantar Islamiyya ce ko akwai dattijo a motar. Abin da ni ya fi damuna shi ne ganganci: yawancinmu ba mu iya iyo ba, ga wurin da kogi ke karo da teku yana da ja ƙwarai, amma saurayi zai cire rigar ceto don hoto ya yi kyau.

Idan Allah ya kawo ka, kada ka zo a makon farko na Agusta. Lokacin bikinsu ne na Asafotufiami, gari cike, bindigogin gargajiya na tashi, kuma kuɗin jirgi sai yadda mai shi ya ga dama. A gaida Inna da yara.