Gyaran Tsohon Lambu: Shinge Ko Dashe, Da Wanne Za A Fara?

Wani mai lambu daga wajen Gubi, kusa da Bauchi, ya rubuto: "Na gaji lambun mahaifinmu wanda ya daɗe babu kulawa. Darni ya zube, mangwaron ciki sun tsufa. Ina so in kewaye shi, in haƙa burtsatse, in sa sababbin itatuwa. Har na sayi dashen mangwaro mai aure. Da me zan fara?"

Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam. Dashen nan ka ajiye shi a inuwa a gida ana ba shi ruwa, domin shi ne zai shiga lambun a ƙarshe. Da zarar an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, akuya ɗaya ta ishe shi kafin ka dawo daga sallar la'asar.

Ka fara da iyaka. Wurin da ya daɗe babu shinge, iyakarsa matsawa take yi ba tare da kowa ya yi niyya ba: wannan ya ƙara kunya ɗaya bana, wancan ya ƙara baɗi. Ka kira maƙwabta da mai unguwa da dattawan da suka san wurin, a kafa alama ta siminti a kowace kusurwa, a rubuta, kowa ya sa hannu. In kuma ba a raba gadon ba, kada ka zuba ko buhun siminti ɗaya sai an raba.

Daga nan sai duk aikin da ke buƙatar babbar mota ko gatari: motar haƙa burtsatse, tifa mai kawo yashi da tsakuwa, tarakta, sare matattun itatuwa da tone kututturansu. Tsofaffin mangwaron da za ka bari, yanzu ne za a rage musu rassa, ba sai ka ja wayar shinge reshe ya faɗo mata ba. Ƙasar Bauchi kan dutse take, ruwan ƙarƙashi yana bin tsagar dutsen ne, don haka ba kai ke zaɓa wa burtsatse wuri ba, masu awo ne. Inda suka nuna, nan tanki zai tsaya, daga nan kuma sauran tsarin lambun zai tashi. Ƙofa ka bar mata faɗin mita 4, ko da kana ganin mashin kawai kake da shi yau.

Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar ruwan sama. Kafin a kafa dirka ko ɗaya, ka gano ta inda ruwa ke shigowa da ta inda yake fita. In ba ka ga wurin a watan Agusta ba, ƙasa za ta gaya maka: inda yashi ya taru, inda ta zaizaye ta bar saiwoyi a waje. A cike ramuka, a ja kunya a gicciye da gangare, a dasa ciyawar jema a bakinta in damina ta zo.

Sai shinge. Bayan an gama shi a binne bututun ban ruwa, kafin a fitar da hanyoyi da fangaloli, don kada ka gyara wuri ka dawo ka tone shi. Ramukan dashe a haƙa su a Afrilu ko Mayu, santimita 60 faɗi da zurfi, a ware ƙasar sama a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki gara yake kira. Mangwaro mita 10 tsakani, gwaiba da lemo mita 6, kuma layin farko ya ja baya daga shinge kamar mita 5, saboda reshen da ya leƙa gidan maƙwabci rigima ce ta shekaru. Dashe kuwa sai ruwa ya zauna, daga Yuni zuwa farkon Yuli. In ka fara a Nuwamba, rani guda ya ishe ka.

Wani Alhaji daga wajen Deba a jihar Gombe ya ce ya yi katangar bulo bara, bana ta tsage wuri uku, ɓangare ɗaya ya kwanta. Yana tambaya ko magini ne ya cuce shi.

Alhaji, wataƙila magini yana da nasa laifin, amma ni na fi zargin ƙasar. Baƙar lakar nan ta yankinku kumbura take yi in ta sha ruwa, da rani ta tsuke ta dare har ƙafa na iya shiga. Duk shekara tana ɗaga tushen gini tana saukewa, bulo kuwa ba ya lanƙwasa. Sannan ka duba gindin katangar: an bar kafofin da ruwa zai wuce? In ba a bari ba, ka gina madatsa ne ba ka sani ba, kuma ɓangaren da ya kwanta ina kyautata zaton shi ne na gangare.

In dole sai katanga, a yi tushe mai zurfi da rodi, a shimfiɗa yashi ko jar ƙasa a ƙarƙashi, a tsayar da fila duk mita 3, a bar kafofi a jerin bulo na ƙasa. Amma ga lambu a irin wannan ƙasa, na fi son dirkokin siminti da wayar raga. Ƙasa ta motsa, waya ta bi ta, ruwa ya wuce abinsa. Waya mai ƙaya ita kaɗai tana tare saniya, ba ta tare ɗan akuya. Kuma kada ka sa sabon dashe kusa da ɓangaren da za a rushe, sai magina sun kwashe kayansu, domin ruwan siminti yana ƙona saiwa.

Wata Hajiya daga cikin garin Gombe tana da fili a bayan gida, kuɗin waya babu, tana so ta san ko shingen itace mai rai zai wadatar.

Zai wadatar, Hajiya, amma ba a shekarar farko ba. Ki fara da darnin kara ko ƙayar magarya, shingen mai rai ya taso a cikinsa. Aguwa ana yanko rassanta a kafa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, don in aka kafa ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa take yi, kuma dabbobi ba su damu da ita ba. Sai dai ruwanta mai kama da madara a kiyaye shi daga ido. Bini-da-zugu ban so shi a gidan da ke da yara, 'ya'yansa guba ne. Lalle ya fi dacewa da ke: ki dasa shi kusa da kusa, ki riƙa aske shi ya cika, ganyen kuma ki sayar. Zogale ki sa shi daga ciki, don in kika mai da shi shinge awakin unguwa kika yi wa kiwo. Darbejiya da itacen turare ki nisanta su daga katangar gida da fangalolin kayan miya, saiwarsu na tafiya nesa tana shanye ruwan da kika saya a wurin 'yan garuwa.